Nozul Huɗu na Kawu

Kafin in ce komai, ya kamata in faɗa cewa ban amince da tunanina gaba ɗaya ba. Abin ya kwana biyu, kuma ni mutum ne da idan na cika juya magana a zuci sai in kasa rabe abin da ya faru da abin da na ji tsoron ya faru. Mai yiwuwa na sa wata magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ko na gabatar da abin da ya zo daga baya. Abin da nake da yaƙini a kansa kaɗan ne: akwai mota, akwai nozul huɗu, akwai kuma wani tsoho da ba mu so ransa ya ɓaci.

Tsohon nan kawuna ne, yayan mahaifiyata. A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina, kuma da sitiyarin babbar mota ya riƙe karatuna har na gama jami'a. Ya yi shekaru yana jigilar gyaɗa da dawa da shanu zuwa kudu. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya koma gonarsa a Faru. Daga baya halin rashin tsaro da ake ciki ya sa zaman ƙauyen ya gagara, ya dawo cikin garin Maradun ya zauna a wani sashe na gidan ɗan'uwa. A nan ne ido ya ƙarasa tafiya. Yana rabe haske da duhu, amma ba ya gane fuska. Abin da ya rage masa kunne ne da hanci da 'yan yatsu. Ranar kasuwa yakan sa a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, mota na wucewa ya ce, "Wagga ringinta ya tahi," ko kuma, "Wanga direba ba shi da tausai, ji yadda shika sa giya." Mutane su yi dariya su wuce. Ba wanda ke tsayawa ya nemi shawararsa. Mutumin da ya saba a zo masa da buƙata, yanzu shi ake kai wa. Bai taɓa faɗa ba, amma ina jin abin yana cinsa.

Ni malamin gona ne, ina ɓangaren noman rani a Talata Mafara. Da wani abokin aikina ya sami canjin wurin aiki, sai na sayi tsohuwar motarsa, 'yar ƙarama ƙirar Jamus. Tana da turbo, wato wata na'ura mai siffar katantanwa da ke tura iska da ƙarfi cikin inji. Ban saye ta don gudu ba. Duk wanda ya san ni ya san babur mai ɗauke da buhu biyu kan wuce ni a hanya. Bayan wani lokaci sai ta fara shaƙewa, tana tafiya tana dakatawa kamar mai tari. Aka duba aka ce nozul ne, 'yan bakunan da ke fesa mai cikin inji, sun toshe, ɗaya ma yana yoyo.

Wata rana na je gaishe da Kawu na isa a makare. Bayan mun gama gaisuwa, an tambayi gida da iyali da aiki da gajiya da zafi, sai na ba da uzuri, na ce motar ce ta ba ni wahala. Ban yi tunanin komai ba. Sai na ga ya gyara zama.

"Mi ya same ta?"

"Nozul ne, Kawu. Za a canza."

"Kak ka sayi komi. Ba ni wayata."

Akwai wani da ya yi masa yaron mota a da, wanda yanzu babban ɗan kasuwar kayan mota ne a Legas. Ya ce in kira masa shi. Kawu na cikin mutanen da ke ganin idan wuri na da nisa dole a ɗaga murya, saboda haka duk unguwar ta ji saƙon. Ya faɗi irin motar kamar yadda na gaya masa, sannan ya ƙara da nasa.

"Manya hwa! Ka ji ko? Motar ɗana ta. Kak ka aiko man ƙanana awa na keken ɗinki."

Na jiyo muryar mutumin daga can yana ɗan jan magana, kamar zai yi bayani, sai kuma ya ce, "To, maigida. An gama, maigida." Ina kyautata zaton ya san abin da zai biyo baya. Amma mutumin da ya koya maka riƙon sitiyari, ya ci da kai, ba za ka gyara masa magana ta waya ba, balle ga mutane na ji.

Kayan suka iso ta tasha a cikin ɗan kwali. An ce Kawu bai yarda kowa ya ajiye masa ba, a ƙarƙashin matashinsa ya sa. Kullum sai ya fito da su ya bi su da yatsa, har ya san wani ɗan zobe da ke wuyan kowane ɗaya, da yadda kan waya yake a karkace.

Makanikena ɗan Kawu ne, abokin wasana, yana da gareji a bakin hanya a Mafara. Shi ne ɗan fari, don haka akwai kunya tsakaninsa da mahaifinsa. Kawu ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "wancan". Shi ma ba ya zama su yi doguwar magana, gaisuwa ce a durƙushe sai ya tashi. Duk wasan da Kawu bai yi da shi ba, da ni ya yi shi. Shi kuma ya rama a kaina, tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma ban taɓa amincewa ba.

Ranar da za a sa nozul ɗin, Kawu ya ce ƙafarsa ƙafar kayansa. Aka ɗauko shi daga Maradun, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, aka ajiye masa benci a inuwar dalbejiya. Ya miƙa kwalin da hannu biyu. Abokin wasana ya buɗe, ya ɗaga ɗaya ya duba lambar da ke jiki, ya gwada da tsohon. Sai ya yafuto ni muka zaga bayan wata matacciyar bas.

"Bawana, akwai magana. Waɗanga sun yi wa motarka yawa. Na motar tsere na."

"Ba za su shiga ba?"

"Za su shiga. Shigar ba ita ce matsala ba. Za su riƙa ɗura mata mai har ta amayar."

"To, ka gaya masa."

Ya dube ni kamar na ce ya cire wandonsa a kasuwa. "Ni? In gaya mai? Kai ke da digiri, kai ke zama kusa da shi kuna cin goro. Tahi ka yi mai Turanci."

Na leƙa. Kawu na zaune ya dogara da sandarsa, fuskarsa a sake, yana ba wani direba labarin hawan dutsen da ke hanyar kudu da yadda ake bin sa da lodi. Yana yi yana nuna wajen motata yana cewa, "Yanzu za ku ji ta. Ni na aika aka kawo." Rabon da in ga fuskarsa haka tun yana Faru. Na koma bayan bas ɗin na ce a sa.

Aka sa. Da aka murza makulli ta daɗe tana gurnani kafin ta kama. Da ta kama sai ta hau rawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, warin ɗanyen fetur ya cika wurin har mai shayin gefe ya rufe tukunyarsa. Kawu ya ɗan karkata kai. Abokin wasana ya yi maza ya ce, ba tare da ya dubi inda mahaifinsa yake ba, "Sabon abu na, sai ta saba da shi."

Kawu ya ce, "To. Ta saba." Sannan ya juyo wajena. "Bayan Sallah akwai ɗaurin auren ɗan abokina a Bakura. Kai za ka kai ni. Lokacin ta saba, in ji ta da kyau."

Ba ta saba ba. Kowace safiya sai an yi fama kafin ta tashi. Idan na tsaya a mararraba sai ta mutu, masu babura su yi ta yi mini hon. Filogi sabo ba ya jimawa sai ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da abokin wasana ya zaro gejin baƙin mai ya kai mini hanci. Fetur ne ke tashi. Ya ce man da bai ƙone ba yana gangarawa yana tsinka baƙin mai, kuma idan aka ci gaba a haka injin zai ci kansa. Na shiga karance-karance a waya, wanda hakan bai ƙara mini komai ba sai sababbin abubuwan tsoro.

Hanya mafi sauƙi a bayyane take: a cire na Kawu a sa daidai da motar, a yi shiru. Abokin wasana ya ce hakan ba zai yiwu ba, domin tsohon zai sa a buɗe bonet ya lalluba, kuma yatsunsa sun haddace kayansa. Ko da ba don haka ba, ni kaina abin bai kwanta mini ba. Ban ga yadda zan ɗauko mutumin da ya raine ni, in zaunar da shi a gaba, in bar shi yana alfahari da abin da na cire na jefa a kwali, don kawai na san ba ya gani. Shi ma faɗa masa gaskiya na auna shi. Zai ce ba komai, ya yi dariya, daga nan kuma ba zai sake cewa a ba shi wayarsa don wani ba. Na rasa tudun dafawa, sai na koma zuwa ofis a babur, motar kuma in tayar da ita da safe kawai don kada batir ya mutu.

Wannan tayarwar ta safe ce ta kawo mafita. Maƙwabcina malami ne a wata makarantar fasaha, yana koyar da harkar injuna. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a Mafara har 'ya'yansa sun fi ni iya Zamfarci. Injiniya muke ce masa. Wata safiya ya yi sallama, muka gaisa sosai, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Maƙwabci, Madam ce ta aiko ni. Ta ce ko dai ka daina tayar da motar nan, ko ka zo ka sake mata wankin fararen kayan coci."

Kunya ta kama ni, na fara ba da haƙuri. Ya ce wasa yake yi, amma hayaƙin ne ya ba shi sha'awa. Na ba shi labarin duka, har da bayan bas. Na zaci zai ce mun yi wauta. Sai ya ce shi ma yana da tsohuwa a gida da ke aiko masa da maganin gargajiya, kuma bai taɓa ce mata ya zubar ba.

"Kai da ke aikin fadama," in ji shi, "idan aka faɗaɗa bakin magudana, amma mai buɗe ƙofar ruwa bai sani ba, ya ci gaba da barin ta a buɗe tsawon lokacin da ya saba, me zai sami albasa?"

"Za ta ruɓe."

"To, ba laifin magudana ba ne. A gaya wa mai ƙofa kawai."

Mai ƙofar, a bayaninsa, shi ne ƙwaƙwalwar motar, akwatin da makanikai ke ce wa birenbos. Ita ke ƙayyade tsawon lokacin da kowane nozul zai buɗe, kuma har yanzu tana lissafi ne da ƙananan da ta sani. Ya ce irin ta motata ana iya shiga cikinta da kwamfuta a gyara mata lissafin, kuma yana da wayar da ake haɗawa. Amma ya gargaɗe ni. Mai da yawa yana kashe inji a hankali, mai kaɗan kuwa, a lokacin da turbo ke tura iska, yana iya narkar da fistan kafin ka ce kwabo. Saboda haka ba za a rage a tashi ɗaya ba, sai kaɗan-kaɗan, ana aunawa. Na tambaye shi ko yana da tabbaci. Ya ce tabbaci na Allah ne, shi dai yana da na'urar awo.

Juma'a tamu ce, Lahadi tasa, sai muka tsayar da Asabar. Na yi fargabar haɗa shi da abokin wasana, domin na san makanikai ba sa son mai kwamfuta ya zo musu gareji. Da farko kuwa an yi 'yar kallon-kallo. Amma Injiniya ya ce ba zai taɓa komai ba sai an zubar da gurɓataccen baƙin mai an sa sabo, an canza filogi, an tabbatar ba inda iska ke zurarewa, kuma wannan duk aikin mai gareji ne. Ya kuma roƙe shi ya huda bututun salansa ya yi waldar ɗan gurbi da za a ɗaura na'urar da ke shinshinar hayaƙi. Abokin wasana ya yi waldar, Injiniya ya duƙa ya duba ya ce ko a makarantarsu ba a yin wadda ta fi ta. Daga nan aka zama ɗaya, suka haɗu a kaina.

Lokacin da za a tura sabon lissafi cikin birenbos, Injiniya ya ce kada kowa ya taɓa makulli ko waya har sai an gama, domin idan abin ya katse a tsakiya motar na iya mancewa da komai. Wani ɗan layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar. Ban san na fara salati a bayyane ba sai da na ji abokin wasana na cewa, "Bawana, sassauta. In ka ci gaba haka kwamfutar Injiniya za ta musulunta."

"Ƙyale shi," in ji Injiniya, idonsa na kan layin. "Ni ma ina yin nawa a zuci."

Layin ya kai ƙarshe. Aka murza makulli, ta tashi. Hayaƙin ya ragu ƙwarai, amma silo, wato gurnanin inji idan mota na tsaye, bai zauna ba, tana hawa tana sauka kamar mai haki. Injiniya ya ce manyan nozul suna da ɗan nauyin buɗewa, kuma a silo, inda man da ake buƙata ɗan kaɗan ne, wannan jinkirin ya isa ya rikita lissafi. A kan wannan muka ƙare ranar. Shi yana canza lamba, abokin wasana ya ɗora tafin hannu a kan inji yana cewa, "Da saura," ko "Ka wuce, koma baya kaɗan." Wani lokaci na'ura da hannu su yarda da juna, wani lokaci su saɓa a yi ta musu. Ni aikina sayo ruwan sanyi.

Asabar ta gaba muka fita hanyar Bakura, domin abin da inji ke yi a tsaye daban ne da abin da yake yi da kaya a ka. Mun fita da hantsi don mu dawo kafin la'asar, kamar yadda kowa ke yi yanzu. Injiniya ya ƙi yarda mu sha man galan na bakin hanya, sai da muka bi layi a gidan mai. Ni ke tuƙi, shi yana gefena da kwamfuta a cinya, abokin wasana a baya ya zuro kai tsakaninmu. Gonakin shinkafa na dama da hagu, kuma ni na fi gane abin da ke cikinsu fiye da abin da ke kan kwamfutar.

"Maƙwabci, taka ta mana. Turbo bai farka ba."

"Ina takawa."

"Wanga ba taki ba na, shafa ta kake," in ji na baya. "Ko jaka ta fi ka zuciya. Taka!"

Na yi bisimilla na taka. Sai na ji wani siririn fito daga gaba, motar ta ja kamar an tunkuɗa ta daga baya. Ban gama jin daɗin abin ba sai duka biyun suka yi ihu tare, "Saki! Saki totur!" Na saki, na gangara gefe. Injiniya ya ce lambar ta yi tsalle zuwa ɓangaren ƙishirwa, wato mai ya yi kaɗan. Abokin wasana ya ce shi kuma ya ji ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Ashe duk wannan lokaci da muke fama da yawan mai, a can sama motar yunwa take ji. Injiniya ya yi niyyar ƙara mata a lissafi, amma abokin wasana ya ce a dakata, ba a ƙara wa magudana faɗi idan rijiyar ce ba ta kawowa. Muka lallaɓa muka koma gareji. Ya auna ƙarfin famfon mai ya ga ya gaji, matatar kuma da aka fasa ta cike take da laka. Da ba mu fita hanyar nan da na'ura ba, wataƙila da Kawu a ciki abin zai faru.

Aka sa sabon famfo da matata, muka sake fita, ba sau ɗaya ba. Na tuna wata rana azahar ta same mu a hanya, muka tsaya a wani ɗan masallaci. Da muka fito muka tarar Injiniya ya sayi rake ya fere mana, yana zaune a inuwa yana gadin motar da ba ta kashe kanta ba tun da muka bar ta. Abokin wasana ya zaro filogi ɗaya, ya hura, ya nuna mini. Bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa. Ya ce, "Haka aka so." Na nemi in yi wa Injiniya wani abu na godiya, ya ce in dai kayan Madam sun tsira, an biya shi.

Ranar ɗaurin aure na isa Maradun da wuri. Kawu ya riga ya shirya, har da rawani. Na bar motar a kunne. Ya fito yana dogara sanda, bai nufi ƙofa ba, ya ce in buɗe bonet. Na ce da zafi, ya ce ya san zafi tun ba a haife ni ba. Na kashe ta, na kama hannunsa na kai wurin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa zoben wuyan kowanne. Sannan ya ce in tayar. Ta tashi bugu ɗaya. Ya dafa jikinta ya zaga baya, ya duƙa da ƙyar, ya tara hannu a bakin salansa ya kai hanci.

Ya shiga gaba ya zauna, ya ɗora tafin hannu a kan dashbod. Muka wuce Mafara. Da muka hau hanyar Bakura, inda ta miƙe, sai ya ce, "Ɗana, taka ta in ji."

Na taka. Fiton nan ya taso, ta ja sumul, ba tsakuwa ba tari. Sai na ji Kawu ya yi wata dariya da na manta yana da ita.

"Ka ji ko? Na ce maka manya! Da ka sa ƙanana da yanzu muna baya muna turi."

A wurin ɗaurin aure bai bar kowa ya huta ba. Tsofaffin direbobi abokansa sai da ya sa aka kawo su gaban motar, aka buɗe bonet, aka tayar aka kashe. Ya ba da labarin wayar da ya buga Legas fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma kowane karo muryarsa a wayar tana ƙara ƙarfi. Wani daga cikinsu ya ce tasa motar ma tana shan mai, Kawu ya ce a kawo ta Maradun ya saurara. An kuwa kai, na ji daga baya, kuma ba ita kaɗai ba.

Da na mayar da shi gida, ina shirin tafiya, sai ya sa aka fito da ɗan buhun gyaɗa, cikin 'yar wadda aka samu aka kawo masa daga gonar Faru a shekarar. Na fara godiya. Ya ce, "Ba taka ba ta. Ka kai ma maƙwabcin nan naka, malamin makaranta. Ka ce ina gaishe shi da aiki." Ya gyara rawani. "Wancan kuma, ka ce mai hannunai ya yi kyau."

Ban taɓa ambata masa Injiniya ba. Abokin wasana ya rantse shi ma bai yi ba, kuma na yarda, domin ba su da irin wannan zaman. Mai yiwuwa a tasha ya ji, don direbobi ba sa riƙe magana. Mai yiwuwa kuma tun ranar farko, da ya karkata kai a kan benci, hancinsa ya gaya masa komai, ya ga muna rufa masa asiri shi ma ya rufa mana. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ƙara ba. Da na isar da saƙo na biyu, abokin wasana ya ce in daina ƙarya, sannan ya shige ƙarƙashin wata mota ya daɗe bai fito ba.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, shi ya sa ma na iya rubuta wannan. Motar tana nan, nozul ɗinsa na ciki, kuma har yau ban cika taka ta ba. Ina godiya ga Injiniya da ya ba da Asabar ɗinsa don tsohon da bai taɓa gani ba, da Madam da wankinta ya buɗe magana, da mutumin Legas da ya ce "to, maigida", da kuma abokin wasana, wanda ban yarda ni bawansa ba ne, amma na yarda ya iya aiki.

Waɗanda suka halarci wani ɓangare na wannan al'amari suna nan da rai, a gareji da tasha da wurin ɗaurin auren. Duk wanda ya ga na kauce, ko a bayanin inji, wanda ba fannina ba ne, ko a jerin abubuwan, ko a maganar da na jingina wa wani, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara. Musamman idan akwai wanda ya san ta inda Kawu ya ji labarin maƙwabcina, da lokacin da ya ji, don Allah ya sanar da ni.